Kyamara a Gaban 'Yan Klan: Tona Asiri ko Talla?

A jihohin kudu na Amurka, kyamara ta daɗe tana halartar kisan baƙar fata. A farkon ƙarni na 20, idan taron farar fata suka rataye mutum a bishiya, akan sami mai hoto a wurin, ya ɗauka, ya wanke, ya sayar a matsayin katin da ake aika wa dangi. An baje kolin irin waɗannan katuna a New York a shekarar 2000 da sunan Without Sanctuary. Ita ma ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda aka kafa a Pulaski ta jihar Tennessee a 1865, aka farfaɗo da ita a Jojiya a 1915, don a gani a firgita ta ɗinka farar riga da hula mai tsini. Saboda haka duk mai fasahar da ya saita mata kyamara yana cikin haɗarin yi mata aikin da take so.

A ganina Andres Serrano ya faɗa wannan rami. A 1990 ya je Jojiya, shi da ba farar fata ba, ya zaunar da 'yan Klan ya ɗauke su yadda ake ɗaukar manya: duhu a bayansu, haske mai kyau a kan yadi, hoto tafkeke. Kana ganin sawun allura a gefen hular, a wani hoton ido ɗaya na leƙowa ta huda. Masu kare aikin sun ce idon nan shi ne magana, wato ɗan adam ne kamar kowa ke ɓoye a ciki. Akwai gaskiya a nan. Sai dai an raba mutumin da garinsu da abin da ƙungiyarsa ta aikata, kwarjini kaɗai ya rage.

William Christenberry kuwa ɗan gida ne, haifaffen Tuscaloosa ta Alabama a 1936. A 1960 ya je kotun garin don ya leƙa taron Klan. Yana hawa bene ya ci karo da wani sanye da rigar da hular, tsaye ƙiƙam, idanunsa kaɗai ke motsi. Ya juya da gudu. Wannan firgici ya bi shi har mutuwarsa a 2016. Ya yi ta tara 'yan tsana yana sa musu rigunan Klan, yana haɗa su da zane da hotuna a ɗaki guda. A 1979 aka shiga ɗakin aikinsa a Washington aka sace da yawa daga cikinsu, ya sake farawa. Shi ne kuma ya shafe shekaru yana ɗaukar tsofaffin coci-coci da kantuna da jar ƙasar gundumar Hale cikin ƙauna. Ya ƙi yarda a raba biyun, domin ƙasar da ya so ita ta haifi abin da ya tsana.

Dawoud Bey ya juya wa hular baya gaba ɗaya. Ranar 15 ga Satumba 1963 'yan Klan suka dasa bam a wani cocin baƙar fata a Birmingham ta Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu, aka kuma kashe yara maza biyu a garin a ranar. Da abin ya cika shekara hamsin, Bey ya nuna hotunan mutanen garin bibbiyu: yaro ko yarinya mai shekarun mamacin, a gefe kuma dattijo ko dattijuwa mai shekarun da mamacin zai kai da an bar shi da ransa. Babu jini, babu makashi. Furfura da tamojin fuska su ke faɗin abin da aka ƙwace wa yaran.

Cikin ukun nan, aikin Bey ne kaɗai ɗan Klan ba zai iya ratayawa a bangon ɗakinsa ya yi alfahari da shi ba, shi ya sa na fifita shi.