Bakin Wa Ke Magana? Dabba a Matsayin Mai Ba da Labari, daga Akun Imam zuwa Shanun Kuri na Komadugu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ko ta Barno ya saba da dabbobi masu magana. Gizo yana sharara ƙarya, kura tana kukan yunwa, dila malamin daji yana yanke hukunci. Saboda wannan sabo, masu nazari sukan tattara kowane labari mai dabba a ciki su zuba a kwando ɗaya. Manufar wannan takarda ita ce mu rarrabe labarin da aka bayar a kan dabba da labarin da dabba ta bayar da bakinta, sa'an nan mu tambaya: me marubuci yake samu, me kuma yake asara, idan ya miƙa wa dabba ragamar labari? Za mu kasa amsar mataki uku, daga nan mu gwada ta a kwarin Komadugu Yobe, cikin jihar Difa, inda tambayar ta zarce batun salo kawai.

2.0 Mataki na farko: dabba rigar aro

A shekarar 1854 S. W. Koelle ya wallafa African Native Literature, wanda ya ƙunshi tatsuniyoyin Barebari da ya rubuta a Saliyo daga bakin Ali Eisami, mutumin yankin Gazir na Barno. Wannan yanki yana kusa da Birnin Gazargamu, wato tsohuwar hedikwatar Barno da ke gab da Komadugu. A ciki akwai labarin kaza da kyanwa, da na shamuwa da kwaɗi, da na dila da kura. Idan muka ajiye su gefen waɗanda Frank Edgar ya tara a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911-1913), za mu ga tsari iri ɗaya. Mai labari mutum ne da ke tsaye a waje, yana amfani da wakilin suna na uku, wato "ya" da "ta". Dabba ba ta cewa "na" sai a cikin zance, idan an ba ta dama. Haka kuma damuwarta damuwar mutane ce: amana, surukuta, rabon gado, zuwa gaban alƙali. Kurar tatsuniya ba ta taɓa faɗa mana abin da hancinta yake ji da dare ba, don kuwa an kirawo ta ne ta wakilci haɗama.

Wannan mataki yana da amfaninsa, domin rigar aro takan kare mai faɗar gaskiya daga fushin manya. A nan ne ya dace mu sa Kalila wa Dimna na Ibn al-Muƙaffa (ƙarni na 8), da kuma Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell a 1975. Sai dai a dukansu idon da ke gani idon ɗan Adam ne.

3.0 Mataki na biyu: dabba mai matsayi

Magana Jari Ce na Abubakar Imam (1937-1939) ya ɗan gusa gaba, don aku ne ke ba da mafi yawan labaran. An san cewa Imam ya aro wannan zubi daga littattafan aku na Indiya da Farisa, irin Tuti-nama na Nakhshabi (ƙarni na 14). Wani zai iya cewa akun Imam ma rigar aro ce, tun da labaran da yake bayarwa na sarakuna ne da ɓarayi da fatake, ba na tsuntsaye ba. Wannan gaskiya ne, amma bai ƙare maganar ba.

Abin lura shi ne wurin da aku yake tsaye. Shi abin saye da sayarwa ne, yana cikin keji, ba shi da dakaru, ba shi da dangi a fada. An ɗora masa nauyin hana Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, fita ya bi mahaifinsa wurin yaƙi, alhali ba shi da ƙarfin tare ƙofa. A cikin Tuti-nama tsuntsuwar da ta fito fili ta hana uwargijiyarta fita kashe ta aka yi. Don haka akun Imam ba ya hani kai tsaye. Sai ya nuna ya yarda, ya kawo karin magana, a tambaye shi asalinta, ya ja labari har gari ya waye. Ashe ke nan rauninsa shi ya haifi salonsa. Da waziri mutum ne ke ba da labaran tun farko, da jinkirin nan da ke riƙe da littafin farko bai sami dalili ba.

Haka abin yake a Temps de chien na Patrice Nganang (2001), inda kare Mboudjak yake kwance ƙarƙashin teburin wata mashaya a Yawunde. Ba wanda ke rage murya saboda kare, don haka yana jin abin da ɗan jarida ba zai ji ba. Ribar wannan mataki ita ce shaida. Masu karatunmu ba baƙin wannan tunani ba ne: ko da yake ƙissa ce ta Alƙur'ani, ba ƙagaggen labari ba, a Suratun Namli alhudahuda ne ya zo wa Annabi Sulaimanu da labarin Saba, yana magana da bakinsa a kan abin da ya gano. Gani ya kori ji.

4.0 Mataki na uku: jiki magayi

A mataki na ƙarshe marubuci yana aron jikin dabbar da kuma jahilcinta. Misalin da aka fi sani shi ne Kholstomer na Tolstoy (1886), inda wani tsohon doki yake ba ƴan'uwansa tarihinsa da dare. Dokin ya kasa gane abin da mutane suke nufi idan sun ce abu nasu ne, tun da wanda ke kiransa nasa ba shi ne ke ba shi abinci ba. A 1917 Viktor Shklovski ya kafa hujja da wannan labari wajen bayyana dabarar da za mu kira baƙuntarwa, wato a mai da abin da aka saba da shi ya zama baƙo, don a sake ganinsa. Ya kamata mu lura cewa dokin bai gane ba, amma mai karatu ya gane fiye da da. Wannan mataki shi ne mafi ƙaranci a rubutaccen adabinmu.

5.0 Gwaji a kwarin Komadugu

Komadugu Yobe ita ce iyakar Nijar da Nijeriya a ƙarshen tafiyarta, ta wuce garin Difa ta gangara Tabkin Cadi wajen Boso. Ruwanta na lokaci ne: yakan cika bayan damina, ya janye da rani har a haye da ƙafa. A bakinta ake noman tattasan da ya yi suna, a tsibiran tabki kuma Buduma suke kiwon shanun Kuri, masu kumburarren ƙaho, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ba sa kuma jure zaman tudu nesa da ruwa. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. A watan Mayu na wannan shekara mutanen tsibirai suka tashi bisa umarnin hukuma. Yebi, kusa da Boso, na cikin garuruwan da ƴan gudun hijira suka taru, kuma a watan Mayu na 2016 shi ma aka auka masa.

A ce marubuci ya zaɓi saniyar Kuri ta ba da wannan labari. A mataki na farko zai sa ta yi jawabi a kan zalunci, kuma ba abin da za mu ƙaru da shi. A mataki na biyu za ta zama shaida: ana cinikinta, ana ƙwace ta, ana maganar sirri a gabanta. A mataki na uku ne za a sami abin da rahoto ba ya bayarwa. Saniya ba ta san iyaka ba. Ta san zurfin ruwa, da ɗanɗanon ciyawar fadama, da cizon ƙuda, da muryar wanda ke tatsarta. Idan wannan murya ta ɗauke ran nan, mai karatu ya san abin da ya faru ko ba a faɗa ba. Ga yankin da mutane da yawa suke ɗauke da abin da baki ke nauyin faɗa, wannan hanya ce mai daraja.

Amma akwai haɗari, kuma dole mu faɗe shi. Saniya ba ta bambanta wanda ya cinna wa gari wuta da wanda ya zo kashe ta. A wurinta duk masu ƙafa biyu ne. Marubucin da ke tsoron kiran suna zai iya fakewa a bayan wannan jahilci, yaƙi ya koma kamar fari ko ambaliya, abin da ba hannun kowa a ciki. Wannan cin amanar mutanen Yebi ne. Alain Mabanckou ya nuna wata mafita a Mémoires de porc-épic (2006): beguwarsa tana zaune gindin kuka tana lissafa kisan da ta yi bisa umarnin ubangidanta Kibandi, ba ta ɓoye hannunta ba, ba ta ɓoye nasa ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarar tambayoyi biyu ga ɗaliban da za su nazarci irin waɗannan labarai. Ta farko: idan aka cire dabbar aka sa mutum a gurbinta, labarin zai rushe? Idan bai rushe ba, rigar aro ce kawai. Akun Imam ya ci wannan jarrabawa, kurar tatsuniya ba ta ci ba, kuma ba a nemi ta ci ba. Ta biyu: a ƙarshen labari, mai karatu ya san abin da dabbar ba ta sani ba, musamman wanda ya aikata da wanda aka aikata wa? Tambaya ta farko ta shafi gwaninta, ta biyu ta shafi amana. Aikin da ya rage shi ne na fili: a naɗi tatsuniyoyin dabbobi na Mobar da Buduma da Fulanin kwarin nan, har da kirarin da makiyaya suke yi wa shanunsu, a kwatanta su da na Koelle, a ga ko adabin baka ya riga rubutu isa mataki na uku.