Kiɗan Wasan Bidiyo da Ma'auninsa

A 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya shigar da kiɗan Super Mario Bros., wanda Koji Kondo ya tsara a 1985, cikin taskarsa ta sautuka. Shin kiɗan da aka yi don rakiyar aiki yana tsayuwa shi kaɗai? Gangar noma ta isa misali. A gayyar manoman Dawakin Tofa tana bin saran fartanya. In aka ji ta a rediyo, rabin ma'anarta ya saura a gona. Haka kiɗan Kondo ke bin tsallen Mario. Maimaicin da ke zaburar da mai aiki shi ke gundurar mai saurare a zaune. Wajibi ne manazarci ya auna irin wannan kiɗa da motsin da ya haife shi.