Ma'aunin da Ba Ya Jin Larabci: Sharhi a kan Tantance Digirin Nazarin Addinin Musulunci a Jami'o'in Nijeriya

Duk malamin jami'a a Nijeriya ya san yadda sashe yake komawa idan aka ce tawagar tantancewa tana tafe. A yi fenti, a gyara fankoki, a liƙa wa kowace ƙofa allon suna, a kwana ana haɗa fayil a kan fayil. Ni ma na yi wannan kwanan zaune fiye da sau ɗaya, kuma ban ɗauke shi wasa ba, domin abin da yake rataye a kansa babba ne. Kwas ɗin da aka hana wa amincewa ba zai sake ɗaukar sabon ɗalibi ba sai ya gyara, waɗanda suke ciki kuma su zauna cikin zullumi a kan makomar takardarsu. Abin da yake damuna shi ne tambayar da ba a cika yi ba bayan baƙi sun tafi, sakamako ya fito, an yi murna: wannan amincewar da muka samu, shaida ce a kan me?

Ya kamata a fara da bayanin yadda tsarin yake. An kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a 1962 a matsayin mai ba gwamnati shawara, ta samu gindin zama na doka a 1974. Doka mai lamba 16 ta 1985 ita ta ba ta ikon shata mafi ƙarancin matakin da kowane digiri zai kai da kuma tantance kwasa-kwasai. Daga nan aka fitar da kundin farko a 1989, aka sabunta shi a 2007 da sunan BMAS, sannan a watan Disamba na 2022, zamanin shugabancin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, aka ƙaddamar da CCMAS wanda ake aiki da shi yanzu. Kafin ziyara, sashe yakan cike kundin bayanin kansa. Sai tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'i ta zo ta yi 'yan kwanaki tana gwada abin da aka rubuta da abin da ido ya gani: manhaja da jarrabawa, malamai, gine-gine da kayan aiki, ɗakin karatu, kuɗin gudanarwa, da ra'ayin waɗanda suka ɗauki tsofaffin ɗalibai aiki. Wanda ya samu kashi 70 cikin 100 a jimla, kuma ya kai wannan matakin a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu na farko, ya samu cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 70 ya samu ta wucin gadi ta shekara biyu. Ƙasa da haka an hana.

Ba na cikin masu cewa wannan aiki ɓata lokaci ne. Da yawa daga ofisoshin da muke zaune a ciki, da kujerun da ɗalibanmu suke zama a kai, tsoron tawagar tantancewa ne ya samar da su. Ƙa'idar malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi, da ƙa'idar cewa kashi 20 na malamai su kasance farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan laccarori, sauran 45 na ƙasa, su ne makamin da shugaban sashe yake zuwa da shi gaban hukumar jami'a idan yana neman a ɗaukar masa ma'aikata. Jami'a mai zaman kanta, wadda mai ita yake lissafin kowace naira, ba ta da abin da yake tilasta mata kashe kuɗi a kan sashen da ba ya kawo riba sai wannan. A ƙasar da ake buɗe makarantun bogi a ɗakunan haya, samun mai tsaron ƙofa ni'ima ce.

Sukar da nake da ita ta shafi fanninmu ne. Kwas ɗin Nazarin Addinin Musulunci yana iya cika kowane sharaɗi, ya samu cikakkiyar amincewa, alhali ɗalibin da ya yaye ba zai iya buɗe Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya karanta babi ɗaya ba tare da wasali ba. Babu wani gurbi a ma'aunin da yake kama wannan. Tun daga ƙofar shiga lamarin yake farawa: a yawancin jami'o'i ana neman kiredit a Ingilishi da darasin addini, amma Larabci ba tilas ba ne ga mai neman wannan kwas. Sai ka tarar a aji ɗaya akwai wanda ya fito daga makarantar da ke ƙarƙashin hukumar NBAIS ya sha nahawu da sarfu, ga kuma wanda iyakar Larabcinsa karatun Alƙur'ani. Malami ya duba ajin, ya ga ba mafita sai Ingilishi, sai takardar taƙaitaccen bayani da za a haddace. Ɗaliban sashen Larabci aƙalla an tanadar musu zaman nutsewa cikin harshen a Ƙauyen Larabci na Ngala da aka kafa a 1992. Namu ɗaliban, waɗanda buƙatarsu ga harshen ba ta gaza ta waɗancan ba, ba a ɗora musu irin wannan ba.

Wata shekara an gayyace ni wata jami'a a matsayin mai jarrabawa na waje. Aka ba ni kundin wani ɗalibi a kan hukuncin wasiyya a mazhabar Malikiyya, an tsara shi tsaf, babi biyar, manazarta sun cika shafi uku, Mukhtasar na Khalil yana cikinsu. Da muka zauna sai na miƙa masa littafin, na nuna masa wurin da ya ce ya ɗauko, na ce ya karanta mini. Ya yi shiru. Daga baya ya gaya mini gaskiya cewa daga wata maƙala ta Ingilishi ya kwafo lambar shafin. Yaron ba malalaci ba ne, kuma ban ga laifinsa kamar yadda na ga namu ba. Sashen nan yana riƙe da cikakkiyar amincewa a lokacin, kuma da haƙƙinsa ya same ta bisa ma'aunin da aka gindaya.

Za a ce ai tawagar tana duba tambayoyin jarrabawa, da takardun amsa, da kundaye, da rahoton mai jarrabawa na waje. Haka ne. Amma takarda ba ta nuna ta wace hanya ilimin ya shiga. Malaman hadisi sun daɗe da rarrabe wannan. Ibn Salah a Muƙaddimarsa ya jera hanyoyi takwas na ɗaukar hadisi, ya fara da ji daga bakin malami da karantawa a gabansa, ya rufe da wijada, wato mutum ya tsinci rubutu bai ji shi daga mai shi ba. Sun jera su haka ne domin sun san ba ɗaya suke ba wajen ƙarfi. Abin da ɗalibinmu yake zubawa a takardar amsa sau da yawa bai ma kai wijada ba, tunda ba rubutun marubucin ya tsinta ba, fassarar taƙaitawar wani ce ya haddace. A idon ma'aunin kuwa, amsa daidai amsa daidai ce.

Batun ɗakin karatu ya fi ba ni mamaki. Ana ba da maki a kan yawan littattafai da kuma sabuntarsu. Wannan sharaɗi yana da ma'ana a likitanci da kimiyyar kwamfuta, inda littafin shekara goma ya tsufa. A wurinmu kuwa ginshiƙan fannin su ne Muwaɗɗa, da Mudawwana, da Tafsirin Ɗabari, da Liya'ut Tawili na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Abin tambaya game da su shi ne wane bugu ne, wa ya yi tahƙiƙinsa, an cika juzu'ansa ko akwai giɓi, kuma akwai alamar hannu ya taɓa shi. Na ga sashen da ya kashe kuɗinsa wajen sayen sababbin littattafan gabatarwa masu sheƙi domin shekarar bugunsu ta yi kyau a jadawali, alhali Fathul Bari da ke kan kanta ya rasa juzu'i biyu tun shekarun baya. Ba na musun buƙatar sababbin mujallu; binciken zamani a kan tattalin arzikin Musulunci ko fiƙihun likitanci dole a bi shi. Amma awo ɗaya ba zai yi wa nau'i biyun adalci ba.

Haka lissafin malamai. Ma'aunin yana ƙirga masu digirin digirgir da matakansu, kuma yana da hujja. Sai dai a garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Zariya da Maiduguri akwai malaman zaure da suka shafe shekara talatin suna karantar da Askari da Mukhtasar da Alfiyyar Ibn Malik, waɗanda mu masu digirin mukan je gabansu a asirce idan wata ibara ta shige mana duhu. Irin wannan malami ko an kawo shi sashe, ba ya ƙara wa sashen komai a jadawalin da ake cikewa. Ana iya cewa ina yi wa kaina kirari ne tunda da Larabci na yi nawa karatun, saboda haka bari in faɗi ɗaya gefen. Tsohon tsarin ijaza shi ma ya ga lalacewa, har aka kai ga ba da ijaza ta gama-gari da ba wa jarirai, malamai suka yi ta saɓani a kanta. Abin koyi a cikinsa shi ne asalinsa: mutum sananne ya shaida cewa wane ya karanta littafi kaza a gabansa. Idan ka duba Ida'un Nusukh na Shehu Abdullahi, inda ya ambaci malamansa da abin da ya ɗauka a wurin kowannensu, za ka ga shaidar tana da suna, tana da littafi. Takardar sakamakonmu tana da lambar kwas da harafin maki, ba ta faɗin ko an buɗe littafi.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗa, wato aro. A aro malamai daga maƙwabciyar jami'a a rubuta su a matsayin na gida, a aro littattafai a buga musu hatimi, a mayar bayan tawaga ta wuce. Farfesa ɗaya sunansa ya bayyana a jerin ma'aikatan wurare da dama. Wannan ba a fanninmu kaɗai ake yi ba, amma a fanninmu ya fi muni, domin mu ne muke koyar da babin tadlisi. Mu muke gaya wa ɗalibai cewa mai ruwaya da ya nuna kamar ya ji daga wanda bai ji ba, ko ya sauya wa malaminsa suna domin a zaci malamansa suna da yawa, ya aibata ruwayarsa, har Ibn Hajar ya ware littafi ya kasa irin waɗannan mataki biyar. To me za a kira sashen da ya yawaita malamansa a takarda? Wasu abokan aiki sukan kawo uzurin lalura, cewa idan ba a yi ba za a rufe kwas ɗin, ɗalibai su cutu. Na fahimci nauyin wannan, amma lalura ana ƙaddara ta ne gwargwadonta, kuma lalurar da take dawowa duk bayan shekara biyar ba tare da an ɗauki malami ɗaya a tsakani ba ta zama al'ada. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗaliban da aka sa suka ɗauko littattafan daga mota suna gani, kuma darasin da suka koya a ranar ya fi na aji zama a zuciya. Hadisin mai sayar da abinci da ke cikin Sahihu Muslim ya dace da mu ta fuska biyu. Na farko hukuncin algus. Na biyu yadda aka gano shi: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya ga kallon saman tsibin ba, hannunsa mai albarka ya cusa ciki har ya ji danshi.

Cusa hannun nan shi ne abin da ya rage, kuma ba sai mun jira Abuja ba. Tsarin CCMAS ya riƙe kashi 70 na manhaja, ya bar wa majalisar malaman kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar ASUU ta soki wannan rabo a 2023, tana ganin an ci iyakar majalisun jami'o'i, kuma sukar tana da tushe. Amma mu lissafa abin da ke hannunmu. Digirin shekara huɗu mafi ƙarancinsa yunit 120 ne, kashi 30 ɗinsa yunit 36 ke nan. Kowane yunit awa 15 ce ta lacca a zango, jimla awa 540. Wannan lokaci ya isa a karanta Risala daga bango zuwa bango da Larabcinta, a haɗa da Ajurrumiyya da Nukhbatul Fikar, a kuma ware zango guda ga rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Borno, ɗalibi ya koyi karanta rubutun hannu na Magribi irin wanda ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da na fi gani shi ne an yanyanka wannan kaso zuwa ƙananan kwasa-kwasai masu yunit bibbiyu, kowane malami ya samu nasa mai ɗauke da taken kundinsa na digiri.

Ga hukumar kuwa, buƙatata ƙarama ce. A cikin kwanakin ziyara a ware awa biyu, mai tantancewa ya zaɓi ɗalibai goma na ajin ƙarshe da kansa daga rajista, kada sashe ya zaɓar masa. Ya buɗe littafin da manhajar sashen ta ce an karantar, ya nuna sakin layi, ɗalibi ya karanta, ya fassara, ya faɗi hukuncin da ke ciki. A ba wannan maki mai nauyi, a kuma tabbatar cewa a tawagar akwai wanda zai iya yin wannan jarrabawa. Kuɗin da zai ci bai kai na fentin baranda ɗaya ba, kuma shi ne ɓangare guda na ziyarar da ba a iya arowa daga maƙwabta a daren jajibiri.