Gani Ya Kori Ji? Sharhi Kan Hotunan Wata

Duk shekara idan azumi ya ƙarato, wayoyinmu a nan Maraɗi sukan cika da hotunan wata. Wani ya fito ƙato kamar faifai a bayan hasumiyar masallaci, wani jinjiri ne siriri da tauraro a gefensa. Ana turawa, ana yabawa, amma ba a cika tambayar wanda ya ɗauka ba, balle inda ya tsaya. Tambayar kuwa ta cancanta, domin a wurinmu wata shaida ne: da tsayuwarsa ake ɗaukar azumi, da ita ake ajiye shi.

Mu fara da ƙaton watan nan da wasu ke cewa ƙarya ce. Ba lallai ba ne. Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,400, faɗinsa a ido kuma wajen rabin digiri ne, har ɗan yatsa ya isa ya rufe shi. Dogon gilashin kyamara mai jawo nesa, na milimita 500 ko 1000, yanko ɗan yankin sama yake yi, ya faɗaɗa duk abin da ke ciki baki ɗaya. Sauran aikin na ƙafar mai hoto ne. Hasumiya mai tsawon mita 18, in aka ja da baya kilomita 2, tsawonta zai yi daidai da faɗin wata. Saboda haka mai son ya kama wata yana fitowa a bayan wani gawo na fadamar Jiratawa sai ya san mafitarsa, ya yi nisa yamma da itacen, ya jira almurun sha uku ko sha huɗu ga wata, sa'ad da hasken ƙasa bai gushe ba. Mintoci kaɗan gare shi, kuma hazon hunturu na iya ɓata masa tafiyar. Irin wannan hoto nake yabo, don akwai haƙuri da sanin ƙasa a cikinsa. Ko shahararren hoton da Ansel Adams ya ɗauka a ƙauyen Hernandez na Amurka a 1941, watan cikinsa ƙarami ne. Gidaje da maƙabartar da ke ƙarƙashinsa su suka ba shi daraja.

Kashi na biyu shi ne na haɗe-haɗe, kuma ba shi da wuyar ganewa. A Maraɗi da Tibiri jinjirin wata galibi a kishingiɗe yake, kamar ƙwarya. Wanda ake turo mana sau da yawa a miƙe yake, yadda ya fi bayyana a ƙasashen arewacin duniya, wani lokaci har da tauraro tsakanin ƙahonninsa, inda jikin watan ya kamata ya tare shi. A kan tuta wannan alama ce mai kyau, a hoto kuwa ƙage ne. Na'ura ma ta shiga sana'ar. A 2023 wani ya dusashe hoton wata a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung, sai ga ramuka da tabbai sun fito tar. Kamfanin ya bayyana cewa wayar tana gane wata, ta kuma ƙara masa tsabta da abin da aka koya mata. Irin wannan wata fuskarsa ɗaya ce a ko'ina, ba ƙurar Maraɗi a jikinsa.

Kashi na uku ya fi ɗaure kai, domin gaskiya ne. Tun shekarun 1930 masanin taurari Bafaranshe André Danjon ya nuna cewa ido ba ya ganin jinjirin wata in tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba. Amma ran 8 ga Yuli 2013, ana dab da azumi, wani Bafaranshen, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin da rana tsaka-tsakin hantsi, daidai lokacin haihuwarsa, tazarar ba ta kai digiri 5 ba, ta hanyar madubin hangen taurari da hasken da ido ba ya gani. Hoton ba ƙage ba ne, amma babu ɗan Adam da ya ga watan nan a sama. Shin ya tsaya ke nan? Hukuncin na malamai ne da hukumar da ke sanarwa. Abin da ya shafi mai sharhi shi ne cewa hoto irin wannan, in ya faɗo waya ba bayani, yana iya raba unguwa gida biyu a ranar Idi.

Don haka abin da nake nema ga masu ɗaukar hotonmu kaɗan ne: su rubuta rana, da sa'a, da wuri, da irin gilashin da suka yi aiki da shi. Mu kuma masu kallo mu riƙa tambaya kafin mu tura. Magabata sun ce gani ya kori ji a zamanin da mai gani ke zuwa da kansa gaban alƙali a yi masa tambayoyi. Hoto ba ya amsa tambaya, sai mai shi ya tsaya a bayansa, kamar yadda dattijon da ya hango wata daga bakin unguwar Zariya yake faɗin sunansa, ya nuna wurin da yatsa.