Fikafikan Aro: Jigon Rashi a Tatsuniya da Zube

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu dubi yadda marubutanmu ke siffanta hankalin matalauci. A mafi yawan gajerun labaran da muke karantawa, musamman tun bayan ambaliyar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, talaka ɗayan biyu ne: ko waliyyi mai haƙuri, ko wawa marar tsimi. A ganinmu, tatsuniya ta fi su zurfin kallo.

Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Ana cikin yunwa, Gizo ya gano hankaki na cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya yi dabara har suka ara masa fikafikai. Da isarsa ya hana su taɓa ɓauren, suka zare gashinsu suka bar shi can. Manazarta sukan ce kwaɗayi ne jigon. Mu kuwa muna ganin yunwar da ta kaifafa dabararsa ita ce ta rufe masa ido, ya ga ɓaure, ya manta da hanyar komawa.

Binciken zamani ya ƙarfafa wannan fahimta. A 2013 Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa manoman rake 464 a Tamil Nadu ta Indiya. Manomi guda ya fi ƙoƙari a gwajin basira bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannunsa, fiye da kafin girbi, lokacin da bashi ya cika masa kai. Ashe da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka, idan marubuci ya kawo mana ɗan kasuwar da gobarar Kasuwar Monday ta 2023 ta cinye wa jari, sannan ya sa shi cin bashi mai tsada, kada ya gaggauta yi masa wa'azi. Ya shigar da mu cikin kansa mu ji lissafin awo da kuɗin haya yana ture tunanin gobe. Marubucin da ya kasa wannan zai koya wa mai karatu raina mutanen da ya kamata ya fahimta.