Hirar Shaihu Umar da Almajiransa

A garinmu Achika ta ƙasar Wudil, in an yi sallar isha'i a kan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, dattawa su zauna, samari su raɓe a gefe. A irin wannan zama ne yaro ya kan ji yadda magabatansa suka sha wuyar duniya suka fita. Da na sake karanta littafin Shaihu Umar, sai na ga ashe a kan wannan zama aka gina shi, don haka na ga ya kamata mu auna shi da ma'aunin da mu ke auna hirar zaure.

Malam Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta shi, lokacin yana koyarwa a Bauchi, tun kafin ya zama Firayim Minista. Ya shigar da shi gasar da Dokta East ya shirya a Zariya cikin 1933, aka buga shi cikin 1934, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labarin kuwa na wani malami ne a Rauta, wanda almajirinsa ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ɗauko tun daga farko.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne natsuwar maganarsa. Ganɗoki in yana ba yara labari kirari ya ke yi wa kansa, amma Shaihu Umar ba ya ɗaga murya. Ya faɗi yadda fadawa suka yi wa Makau, mijin uwarsa, hassada har sarki ya kore shi. Yadda aka sace shi yana ƙarami. Yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa ya ba shi ilmi. Duk ya faɗa kamar mai ba da labarin damina da ta wuce. Wanda bai daɗe da koyon karatun boko ba zai bi shi ba tare da tuntuɓe ba, gama babu kalmar da aka jawo don nuna gwaninta.

To, amma ina da magana. Duk iyakar littafin ban ga inda Shaihu Umar ya yi kuskure ba. Wahala ta kan faɗo masa ne daga sama, ta kuma tashi ba da dabararsa ba. An sace shi, an tsince shi, an karantar da shi, guguwar rairayi ta binne ayarinsu cikin hamada, shi ya tsira. Wannan ya koya mana haƙuri da yarda da ƙaddara, ba na musu. Sai dai almajirin da ke zaune gabansa, in ya tashi, me zai ce zai gyara a halinsa gobe?

Na tuna wani dattijo a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya taɓa gaya mana yadda ya jinginar da gonar gado don bikin da ya fi ƙarfinsa, ya yi shekaru yana ƙodago a gonar wasu kafin ya fanshe ta. Bai ce ƙaddara ba ce, cewa ya yi wautarsa ce. Wallahi har yau in na ɗauki alƙalami zan sa hannu a takardar bashi, sai muryarsa ta dawo mini. Irin wannan ne na nema a bakin Shaihu Umar na rasa.

Mai kuskure a littafin, in akwai, uwarsa ce, da ta bar shi hannun wata ta tafi ganin iyayenta. Ita ce kuwa ta fi kowa rai a cikin labarin. Ta fita neman ɗanta ita kaɗai, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta ƙetare hamada cikin bauta, ta gan shi da idonta, ba da daɗewa ba ta rasu. A nan ne hawaye ya kan zo wa mai karatu. Abin mamaki, ɗan da ya ba da wannan labari bai tsaya ya tuhumi cinikin bayi ba, ko da ya ke shi ya raba shi da ita, kuma Abdulkarim mai alherin nan da shi ya ke cin abinci. Wasu sun ce marubucin ya bar wa mai karatu hukunci ne. Wataƙila haka ne, amma ni da na so in ji malamin ya faɗa da bakinsa, ko da sau ɗaya.

Littafin gajere ne, dare biyu ya isa a karance shi a zaure da fitila. In kun kai wurin da uwar ta bar yaron, ku dakata, ku tambayi dattawan da ke wurin ko su da sun bar shi.