Farauta da Fata: Abin da Ya Hana Su Haɗa Hanya a Ƙasar Daura

Idan aka gama girbi a ƙasar Daura, gero da wake suka shiga rumbu, gonaki suka koma fili sai tushiyar kara, to lokacin 'yan farauta ya kama. A ƙauyukan Sandamu, daga Fago zuwa Karkarku da Rijiyar Tsamiya, haka kuma a Baure da Zango da Mai'adua, labari yakan bi kasuwanni: ranar kaza za a fita, a wuri kaza za a haɗu. Kowa ya ɗauko gorarsa da addarsa, ya ɗaura layu, ya jawo karnukansa. Da yamma a dawo da zomaye a rataye, da gafiya, da zabi, wani da rotsi a ka, wani da sabon suna da za a yi shekara ana faɗa. Abu guda ne ba a cika dawowa da shi ba, wato fatar da za a kai wa ɗan kasuwa ya juya ta, ya duba, ya yi tayi. Wannan kuwa abin a tsaya a duba ne, domin muna maganar ƙasar da fatarta ta keta Sahara ta shiga kasuwannin Turai tun kafin Bature ya san hanyar Kano.

Sai an fara raba mutum biyu da bakin mutane ke yawan haɗawa. Maharbi daban, ɗan farauta daban. Maharbi mai sana'a ne, galibi gado ya yi. Yakan shiga daji shi kaɗai ko shi da ɗansa, da baka da kwari a da, da bindigar toka daga baya. Ya san sawu, ya san iska, yana iya kwanan bago a kan itace kusa da mashaya har dabba ta zo. Harbi ɗaya yake nema, a wuri ɗaya. Ɗan farauta kuwa manomi ne ko ɗan ƙodago da rani ya ba shi sarari, kuma ƙarfinsa yana cikin taro. Ana jeruwa a baje, ana kiɗa, ana ihu, ana dukan sabara da geza har abin da ya ɓuya ya zabura. Daga nan sai aikin kare.

Karen Bahaushe na farauta siriri ne, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, ya fi dogara da ido da gudu a kan hanci. A wannan fanni ya yi kama da karnukan Buzaye na Azawak. Idan zomo ya tashi, karnuka biyar ko goma ne za su rufa masa, na gari daban-daban, ga masu su a baya suna jifa da gora. Wanda ya fara cafka ba lallai ne shi zai tsira da shi ba. Nan ne ake ƙwace, kuma duk wanda ya san farauta ya san ƙwace ita ce zuciyarta. Mutum ya tsaya a kan naman da ba karensa ya kama ba, ya yi kirari, ya ce wanda ya isa ya zo ya ɗauka. Wani lokaci a bar masa saboda kwarjini, wani lokaci a zare wuƙaƙe, shi ya sa tauri da farauta suke tafiya tare, makaɗa irin su Kassu Zurmi kuma suka yi suna wajen zuga mazajen wannan fage. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ba a banza aka raba su biyu ba, don a dajin farauta sau da yawa mutane biyu ne daban.

To a duba abin da ya rage na fatar dabbar da haƙoran karnuka uku suka ratsa, gora ta farfasa mata ƙashi, hannaye huɗu suka ja ta gabas da yamma. Ko da ta tsira daga wannan, wuta na jiranta a gida, domin yawancin ƙananan namun daji babbaka su ake yi, a kankare gashin a dafa da fatar. Ba sakaci ne ya jawo haka ba. Tsarin wasan ne bai ba fata gurbi ba. Abin da ake nema suna ne da nama, kuma sunan ne a gaba.

Inda fatar dawa take da daraja a wurinmu, darajar ta shaida ce da ta asiri. Mutumin Daura ya fi kowa sanin wannan, don tarihin garinsa a kan irin wannan gardama ya ginu. A labarin Bayajida, bayan an wayi gari an ga macijiyar rijiyar Kusugu a mace, mutane da dama sun ce su suka kashe ta, kuma abin da ya raba gardama shi ne kan da baƙon ya fito da shi. Haka maharbin da ya kashe damisa ko kura yake ajiye fatar, ko ya kai wa sarki gaisuwa, ko ya yanka ta ya yi wa kwarinsa riga. Wadda ta shiga kasuwa kuma, a shimfiɗar masu magani take ƙarewa, kusa da saiwoyi da ƙahonni da ƙayar beguwa. A can ba a tambayar laushin gashi ko faɗin fata. Ana tambayar ta wace dabba ce, kuma daga wane gefen jiki aka yanko, domin fatar goshi ba ɗaya take da ta gadon baya ba a wurin mai haɗa laya. Ɗan yanki kamar tafin hannun jariri zai iya fin fatar akuya sukutum tsada. Kasuwa ce da ke saka wa mai yayyanka fata, ba mai adana ta ba, kuma tun da mai saye ba shi da hanyar tantancewa, jabu ya fi na gaske yawa.

Addini bai rufe wannan ƙofa ba, ko da yake mutane da yawa suna zaton haka saboda ƙyamar da ake yi wa kare. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kama, in an ambaci sunan Allah. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin zaure ya karanta, ta yarda a sayar da fatun namun daji masu cin nama, har a yi salla a kansu, matuƙar an yanka su. Ta mushe ce ta ce a yi amfani da ita bayan jima amma kada a sayar. Sai dai sharuɗɗan suna da tsauri ga irin farautarmu. Dole karen ya zama horarre, mai shi ne ya sake shi da bisimilla, in kuma an tarar da dabbar da rai a yanka ta. A cikin turmutsutsun karnuka goma na mutum goma, wa zai rantse wane kare ne ya kashe, kuma an yi bisimilla kafin a sake shi?

Cinikin fata na gaskiya a bayan gida ya tsiro, a turken akuya. Jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi su ne suka ba da fatar da ayari ke kai wa arewacin Afirka, Turawa kuma suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take iso musu. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai akalar ta juya kudu zuwa Ikko, kamfanonin Turawa suka buɗe kantunan awo, aka kuma sa ma'aikatan duba fata suna bin mahauta suna koya musu shanya a inuwa a kan firam maimakon baje ta a ƙasa rana ta ƙona. Har yau mai sayen fata a kasuwar Mai'adua ko ta Daura abin da yake dubawa ke nan: yankan wuƙa wajen fiɗa, tabon ƙazuwa, karcen ƙaya, ko gishiri ya ratsa. Wadda ta ci jarrabawa ta nufi masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa. Wadda ta tsaya a gida kuma majemi ya jiƙa ta a ruwan toka, ya tuje gashin, ya kankare tsokar, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, baduku ya rina ta da karan dafi. A duk wannan aiki gashi datti ne da ake zubarwa, in ban da buzu da agalemi. Dalilin kuwa a fili yake. Ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 a bazara ba ta ba dabba gashi mai kauri, ba ta kuma ba mutum dalilin saya.

Masu jan ciki ne kaɗai suka tsallake wannan shinge. Fatar guza da damo da mesa da kada ta shiga jaka da takalmi a Kasuwar Kurmi, ta guza kuma ita ake rufa wa ƙoƙon goge. Amma waɗannan haƙa da tarko ne ke kamo su fiye da garken karnuka, kuma doka ta riga ta kewaye su. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, sannan yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a 1973 wadda Nijeriya ke ciki, sai dokar soja mai lamba 11 ta 1985 da ta haramta cinikin wasu dabbobi ta kuma ɗora lasisi a kan wasu.

Domin a ga yadda farautar karnuka take idan fata ce manufa, sai a leƙa kudanci da tsakiyar ƙasar Amurka, inda ake farautar wata dabba da suke kira rakun. Girmanta ya ɗan ɗara na muzuru, tana da baƙin zane a kewayen ido da wutsiya mai zobba, da dare take yawo, in ta ji kora kuma sai ta haye itace. Karnukan da aka tanada dominta, irin su Treeing Walker da Bluetick da Redbone, da hanci suke aiki. Aikinsu su bi sawu suna haushi, in dabbar ta hau sama su tsaya a gindin itacen su sauya murya. Maigidan yana nesa a cikin duhu yana saurare, daga sautin kawai yake gane karensa ne ko na wani, kuma ko an kai ga itace. Sai ya zo da fitila ya harbe ta a ka da ƙaramar bindiga. Ana jira sai sanyi ya kama gashi ya cika. Ana zare fatar ɗungurungum ba tare da tsaga ciki ba, a kankare kitsen, a ɗame ta a kan allo ta bushe, sannan a kai gwanjo inda ake rarraba ta bisa girma da launi da lahani. Tun daga zaɓen kare har zuwa inda harsashi zai shiga, fatar ce ke tsara komai.

Ita ma wannan kasuwa ta yi tashe ta faɗi. An yi yayin rigar rakun a shekarun 1920, aka yi na hularta a tsakiyar shekarun 1950 saboda wani shirin talabijin na Disney a kan Davy Crockett. A ƙarshen shekarun 1970 fata mai kyau takan kai dala 20 zuwa 30. Daga baya sau da yawa ba ta kai dala 10 ba, kuma babban gidan gwanjon North American Fur Auctions na Toronto ya durƙushe a 2019. Abin lura shi ne farautar ba ta bi kasuwar kabari ba. Ta koma gasa. A taruka irin su Autumn Oaks da ake yi duk shekara a jihar Indiyana, ana sakin karnuka da dare, alƙali na ba da maki ga wanda ya fara gano sawu da wanda ya fara tsayawa a gindin itace, a haska dabbar a tabbatar tana nan, a bar ta a tafi. Kuɗin ya tashi daga fata ya koma kan kare.

Matsalar Sandamu ta sha bamban da wannan. Su Amurkawa kasuwa ce ta gudu ta bar su da dabba, mu kuwa dabbar ce ta gudu. Ƙasa ce mai rairayi da yawan jama'a, kusan kowane taƙi an nome shi, saura ta zama tarihi. Barewa da gada sun koma labarin tsofaffi, abin da ya rage zomo ne da kurege da gafiya. Dajin Rugu da ake iya nufa a can yamma ya zama na 'yan bindiga. Don haka masu son abin da gaske suke ɗaukar mota da karnukansu su yi nisa, har kudancin ƙasar, inda ba a san su ba, ba a kuma san al'adarsu ba. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida hutun salla, ya nuna irin hatsarin da ke cikin wannan tafiya. A birane kuma ƙwace ta bar daji ta shigo lungu, har sunan farauta ya gauraya da na daba. Wasu mafarautan sun sami sabon matsayi a aikin sa-kai, kamar yadda aka gani a Adamawa a 2014 lokacin da suka taimaka wajen korar Boko Haram, amma wannan bindiga yake buƙata da sanin daji, ba ya buƙatar karen zomo.

A ganina babban abin da al'adar ta yi sakaci da shi karen ne, fiye ma da fatar. Shi ke gudun, shi ke shan ƙaya da cizo, amma kirarin na ubangidansa ne, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba a rubuta asalinsa, ba kasafai ake yi masa allurar haukan kare ba, kuma horonsa yana cikin kan tsofaffin da ke ƙarewa. Alhali 'yan farauta sun riga sun mallaki abin da gasa ke buƙata: suna da shugabanni masu raba gardama, suna da kiɗa, suna da 'yan kallo, sun kuma saba musu a kan karen wa ya fara tayarwa da na wa ya fara cafka. Cikas biyu nake gani ga mai son kwaikwayon Amurkawa. Risalar nan da ta halatta farauta ita ce kuma ta karhanta yin ta don wasa kawai, kuma malamai ba za su manta da wannan ba. Na biyu kuwa, zomo ba ya hawa itace, karen da ya cim masa sai ya kama, kuma saurayin da ya wuni yana gudu a jigawa da yunwa a cikinsa ba zai yarda a ba shi maki a madadin nama ba.